Alavi Mash da Hannun Rinsha

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, goma sha huɗu ga watan Janairu, jim kaɗan bayan sallar Azahar, Allah Ya karɓi ran malaminmu Alavi Mash a gidansa da ke Wandoor, bayan doguwar jinyar ciwon ƙoda. Ina cikin aji saƙon ya iso ni. Na yi kuka, Mash, kamar yadda muke kiran malami a nan, amma ba zan ɓoye maka ba, a ƙarƙashin kukan akwai ajiyar zuciya. Ka huta da allurai da zaman injin wankin ƙoda, kuma ba ka tafi ba sai da Allah Ya nuna maka abin da ka yi ta roƙo.

Kai ka kawo ƙwallon sofbol, wasan da wata ke jefo ƙwallo wata ta buge ta da sanda, makarantarmu, a zamanin da ba uban da ke son ganin 'yarsa tana gudu a fili. Gida-gida ka bi a kan tsohon kekenka, kana shan baƙin shayi da lemun tsami, kana ta bayani. Mahaifina ya ƙi, ka dawo, ya sake ƙi, ka sake dawowa, har ya gaji ya ce, "Ɗauke ta, Mash, kafin ka ƙarar mana da ganyen shayi." Haka na fara sa safar cafe ƙwallo a hannuna ina 'yar shekara goma sha biyu.

Ba ka cika wa'azi ba, a fili kake koyarwa. Idan mai bugu ta dungura ƙwallo kusa da gangan, ta yarda a fitar da ita don abokiyarta ta matsa gaba, kakan sa mu tashi tsaye mu tafa mata fiye da wadda ta ci maki. Na shiga jami'a na fito, ban sami wanda ya bayyana mini sadaukarwa fiye da haka ba. Da ka yi ritaya na karɓi ragamar ƙungiyar, ba ka daina zuwa ba. Kujerarka ta roba tana nan a gindin mangwaro.

Sai maganar Rinsha, wadda na san ita ta fi tsaya maka a rai. Yarinya ce 'yar shekara goma sha huɗu, ba mu taɓa samun mai jifa irinta ba. A gasar gunduma da aka yi a Manjeri bara, ƙwallo ta kuɓuce mata, ta shiga ƙarƙashin hular kwanon wata mai bugu daga Nilambur, sunanta Athulya, ta karya mata haƙora biyu. Rinsha ta ga jinin, ba ta sake zama daidai ba. In ba kowa a gabanta, jifarta tana tafiya ɗoɗar. Da zarar wata ta tsaya da sanda, sai hannun ya sandare, ƙwallon ta doki ƙasa ko ta tsallake shinge. Ta daina zuwa fili, ta koma kujerar baya a aji. Mahaifiyarta ta gaya mini har ƙaninta jariri ta daina ɗauka, wai hannunta ba shi da amana. Ba rasa 'yar wasa muke tsoro ba. Yarinya ce ke shirin yarda, har ƙarshen ranta, cewa hannunta na cutarwa ne.

Ka lallashe ta ta zo fili wata yamma, ka tashi da kyar ka tsaya a wurin mai bugu. Ka ce, "Jefo, 'yata. Ni haƙorana na roba ne, in sun zube sai in tsince abina." Ta dubi kumburarrun ƙafafunka da bandejin da ke hannunka, ta yar da ƙwallon ta fashe da kuka. A hanyar gida ka ce mini, "Na yi wauta, Sajna. Tsoro ɗaya gare ta, na ƙara mata da tsoron kashe tsoho." Ban taɓa jin malami ya faɗi kuskurensa da sauƙi haka ba.

Daga nan aka yi makonni ba mu gan ka a fili ba, na ɗauka jiki ne ya matsa. Ashe a ranakun da ba ka da asibiti, motar haya kake shiga zuwa Nilambur, kana shan shayi da Raghavan, mahaifin Athulya, wanda tun ranar gasar bai huce ba. Abin da kuka tattauna, ku biyu kuka sani. Mu dai wata Asabar cikin Disamba muka ga Athulya ta shigo fili da sandarta a kafaɗa, mahaifinta yana biye.

Ranar ma ka lallaso Rinsha ta zo, tana tsaye a bakin fili. Athulya ta nufe ta tana washe baki.

"Ke ce mai cire haƙori kyauta? Duba, sababbin sun fi kyau, da ma tsofaffin a karkace suke. Jefo mana, ko karin kumallo ban yi ba na taho."

Jifar farko ta bugi ƙasa.

"Ke, tururuwa kike jifa? Ga ni nan a sama!"

'Yan mata suka kwashe da dariya, Rinsha ma ta yi tata, hawaye na zuba. Ta jefa, ta sake jefawa, duk a karkace, Athulya kuwa ba ta matsa ko taku ɗaya ba. Can sai hannun ya juya yadda muka san shi. Athulya ta kai sanda ta sami iska, muka ji ƙarar ƙwallo cikin safar mai cafewa.

"Yauwa!" in ji Athulya. "Sake irinta, wannan karon sai gonar kwakwar can."

Athulya kuwa ta buga ta can ɗin, Rinsha ce ta fara tafa mata. Na waiwayo na same ka ka rufe fuska da tawul, Raghavan ya dafa kafaɗarka. Ba a yi mako ba mahaifiyar Rinsha ta aiko mini cewa yanzu sai an yi rigima kafin a karɓi jaririn daga hannunta.

Ganina da kai na ƙarshe, muryarka ta yi ƙasa sosai. Ka tambaye ni, "Tana jifa?" Na ce, "Tana jifa, Mash." Ka lumshe ido ka ce alhamdu lillahi. Na daɗe ina fargabar kada ajali ya riga wannan amsar, Allah bai sa ya riga ta ba.

Allah Ya jiƙanka, Mash, Ya sa ciwon da ka sha ya zama kankarar zunubi, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna Firdausi ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga uwargidanka Nabeesa, wadda ta yi jinyarka ba ƙorafi, da 'ya'yanka Shameer da Jumaila, da dukan 'yan matan da suka girma a filinka. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka, Ya sa mu riƙe yaran da ka bar mana yadda ka riƙe mu. Amin.

Sajna Parambil
Wandoor