Kaset ɗin Baba a kan gadon kilishi

Ranar Talata ce, tsakiyar damina, ƙarfe goma sha ɗaya na safe, a wata rumfar kayan waya cikin kasuwar Talata Mafara. Mu biyu ne, ni da mai rumfar. Ya miƙo mini wata 'yar na'ura da ba ta wuce tsawon yatsa ba, mai jelar wayoyi uku: rawaya, fara da ja. Aikinta ta kwaso hoto daga tsohon bidiyo ta zuba a kwamfuta.

Na ce, "Tawa kwamfutar ba irin ta kowa ba ce. Manhajar kyauta ke kanta, wadda ake iya buɗe cikinta a gyara."

Ya ce, "Malam, wagga ko a rediyo ka soka ta sai ta kawo hoto."

Ƙarya ya yi.

Kaset guda ya kai ni rumfar. An ɗauke shi ranar da Baba ya dawo daga Makka, kuma duk duniya babu wani wuri da ake ganin marigayin yana motsi sai cikinsa. Idon Inna na mutuwa a hankali, likita ya ce ba mai dawowa ba ne, ita kuwa ta roƙi ta sake ganin mijinta kafin ya rufe. Kaset ɗin yana Bakura wurin Yaya, babban wanmu, mahauci kamar Baba. A gidanmu kayan mamaci hannun babba suke zama, ƙane ba ya ɗauka sai da dalili. Da na je dubawa na ga fumfuna fari-fari ta cikin tagar kaset ɗin. Na ce masa, "Yaya, laima ta fara kama shi. A kiyaye shi da danshi, ina zuwa."

Na soka na'urar, kwamfuta ta ga lambarta amma ba ta san yadda za ta yi magana da ita ba. Faifan da ke cikin kwalin na masu manhajar saye ne kawai. Kamfanin bai saki bayanin kayansa ba, bai ma rubuta adireshi ba. Na tsaga bayan na'urar da reza, na ɗauki hoton ƙwayar lantarkin da ke ciki da waya, na faɗaɗa. Lambar da ke jikinta daban, ta kwali daban.

Mako uku na yi a kai, kullum bayan na sauka daga aikina na karanta labarai a gidan rediyo. A wani zauren intanet na tarar wani bawan Allah ya rubuta wa 'yar'uwar ƙwayar manhajar tuƙi, wadda ke sa kwamfuta ta iya magana da ita, kyauta. Na ƙara lambar tawa cikin jerinsa, na sake harhaɗawa. Sau shida tana ƙi. A na bakwai hoto ya fito, baƙi da fari, yana birgima, domin an saita shi a tsarin talabijin na wata ƙasa. Na mayar da shi namu, launi ya zauna, sauti ya biyo. Duk gwajin da wani tsohon kaset na wa'azi na yi shi, don kada injin bidiyo na aro da na samo a Maradun ya tauna na Baba.

Na isa Bakura da hantsi, kwana uku da buɗewar gari. Yaya na tsakar gida yana juya nama a kan gadon kara. A gefen naman na hango wani baƙin abu shimfiɗe, zare-zare, an danne bakinsa da dutse.

"Yaya, mene ne wancan?"

"Kaset ɗinka mana. Ba kai ka ce laima ba? Na kwance shi, kwana ukku ke nan shina shan rana. Yanzu ko ɗigon danshi babu."

"Na ce a shanya?"

"To mi aka yi wa abin da ya jiƙe, ɗan boko? Shekara talatin ina shanya nama, ko sau guda bai ruɓe mani ba."

Ban ɗaga murya ba. Ba a yi wa babba tsawa a gidan ubansa, kuma wannan ma ya ƙara mini zafi. Na tsuguna ina naɗe zaren da hannu. Ya murɗe, ya yi kaushi, wani wurin mai ya taɓa shi, ƙudaje na bina. Haushina bai tsaya kan Yaya ba. Da kwalin ya faɗi gaskiya, da kamfanin ya saki shafi biyu na bayani, da tun makon farko aikin ya ƙare. Ni ma da ke cin abinci da tsara magana, na faɗa wa mahauci "laima" na tafi ban ƙarasa ba.

Abin da ya tsira shi ne ɗan ragowar da Yaya ya gaji bai warware ba. Na yanke, na haɗa, na'urar ta kwashe shi ba gardama. Minti huɗu ne. Baƙi suna watsewa, ana naɗe tabarmi, Baba ya ba kyamara baya yana sallamar wani. Sau ɗaya ya waiwayo, ya ce a kai wa mata ragowar dabino.

Inna ta kawo fuskarta dab da gilashin kwamfutar har numfashinta na dusashe shi. Ta ce, "Maido shi." Na maido waiwayen sau tara.

Kafin wata daminar idon ya rufe. Yanzu muryar kawai nake kunna mata.