Kwalayen Ashanar Mai Ciyawa

Shekara talatin da ɗaya Baba ya yi yana yankan ciyawar gefen titi, har sunan aikin ya bi shi gida: Mai Ciyawa. A wurin abokan aikinsa, duk abin da lauje ya kama ciyawa ne. Shi kuwa sai ya tsuguna ya murza ganye ya sansana, shugaban aiki na ta daka masa tsawa.

Furanni biyu ne suka fi shiga ransa, dukansu rawaya, dukansu ƙanana. Ɗaya na tudu mai tsakuwa, ganyensa da kaushi, saiwarsa doguwa. Ɗayan sai bakin rafi, ganye sumul, kara mai rami a ciki. Duk wanda ya ce iri ɗaya ne, ranar ya ja wa kansa wa'azi.

"Ko dangi ba su haɗa ba! Kai da direban can duk kuna sa hula, ubanku ɗaya?"

A kwalayen ashana yake tara irinsu, babu rubutu ko ɗaya. Kantar ɗakinsa ce rubutun: na tudu a sama, na rafi a ƙasa, yadda Allah ya ajiye su. Da aka cike rafin aka yi wurin ajiye motoci, kwalaye huɗu na ƙasan kantar kaɗai suka rage masa na furen rafi.

Sai aka kwantar da shi a asibiti don aikin ido. Autarsa ta ce bari ta gyara masa ɗaki kafin ya dawo. Ta ga kwalaye duk sun tsufa, ta juye su kaf cikin kwalba mai murfi, ta manna takarda ta rubuta "Rawaya".

Baba ya dawo ya laluba kanta, wayam.

"Auta, ina rafina?"

"Ga su nan a kwalba, Baba. Ai duk na furen nan ne da kake faɗa."

"Da nake faɗa! Ashe shekarun nan da bango nake magana?"

Kwana uku yana zaune da allura da faranti, yana son ya raba irin da ya fi yashi ƙanƙanta. Idon ya ƙi. Ya yi tsaki ya ture farantin.

Da damina ta faɗi, ya haƙa kunya ɗaya daga gindin famfo, inda kullum ke jiƙe, har jikin katanga mai tsakuwa, ya zuba irin duka.

"Tunda mutanen gidan nan sun kasa, ƙasa ta raba su."

Na tudu suka cika gindin katanga. A bakin famfo uku kacal suka fito. Baba ya shafa ganyen, ya ji sumul, ya daɗe bai ɗaga hannu ba.

"Ka gani, Baba, sun fito," in ji Auta.

"Uku. Daga kwali huɗu." Ya nuna bokitinta. "Ɗauke wankin nan daga nan, kar ki ƙarasa su da ruwan sabulu."