Shanun da ke cikin ordinatar

A shekarar farin nan da soja ke riƙe da mulki, ina da ɗan shago a Tasawa inda nake gyaran ordinatar, wato kwamfuta. Masu tsofaffin inji nakan zuba musu Linux, tsarin nan da ba a saye, kuma kala-kala ne, sai ka zaɓa. Duk wanda ya zo sai ya nuna mai ƙyalƙyali, ni kuma in ce injinsa ba zai ɗauka ba. Bakina har ya gaji da faɗin cewa ƙasa mai rauni gero mai saurin nuna ake ba ta.

Wata safiya wani dattijo, tsohon mushen lakkol, wato malamin makaranta, daga wajen Mayahi, ya sauka daga kabu-kabu rungume da injinsa cikin zane. Tsarin da ke ciki ya lalace, ko buɗewa ba ya yi. Shi kuwa bai taɓa jin sunan Linux ba. Na zaɓar masa mara nauyi, mai Faransanci, wanda ba ya neman rezon intanet kullum, na ce zan share komai in zuba sabo. Sai ya dafe injin ya ce a'a. Na sake bayani, ya sake cewa a'a. Wallahi raina ya ɓaci, ga kuran, wutar lantarki, na iya ɗaukewa kowane lokaci.

"Baba, wai me ke ciki haka?"

"Shanuna," in ji shi.

Ashe ɗansa ne ya ɗauke su hoto da damina, kafin ciyawa ta ƙare. Daga baya suka yi ta kwantawa ɗaya bayan ɗaya, ko maraƙi bai tsira ba.

Nan take na fasa maganar sharewa. Na ce akwai dabara: a tada injin daga faifai, a gwada tsarin ba tare da an taɓa abin da ke ciki ba. Ya ce ai haka suke yi da sabon iri, gefen gona tukuna.

Injin ya daɗe yana gurnani kafin ya buɗe. Na lalubo hotunan, na fara kwashe su a kile, ɗan ma'ajin nan da ake soka wa inji. Baba ya matso da kujera yana nuna mini su da yatsa: ga ja mai karyayyen ƙaho, ga farar da ba ta yarda kowa ya tatse ta sai matarsa. Na ce akwai wasu kala biyu da zai iya gwadawa kafin ya zaɓa. Ko dubana bai yi ba.

"Ɗana, tsarin nan da ya nuna mini su, shi za ka sa."