Ruwan zafi a benen Daulat Khan

Ƙanena Daulat Khan ya ƙare ƙuruciyarsa yana sayar da busasshen inabi a kasuwar Kwetta, duk abin da ya samu kuma a bulo ya zuba shi, ya gina gidan bene. Ƙasa shi da matarsa, sama na ɗansu tilo Zalmai in ya yi aure, kamar yadda kowa ke yi. Matar ta rasu. Zalmai ya auri Palwasha, suka hau benen suka yi hunturu ɗaya, suka sauko da akwatunansu suka nufi Karaci.

Wai ruwa ne ya kore su. Ruwanmu dai mai zartsi ne, sabulu ba ya kumfa a cikinsa, butar shayi kuwa sai ta yi farin ɓawo. Palwasha ta ce gashinta ya koma tsintsiya, fatar jaririnta na tsagewa, kuma kafin ruwan zafi ya hauro sama mutum ya daskare a tsaye.

"Yaya, tana da gaskiya fa," in ji Daulat.

"Gaskiyar me? Ni da na tsufa a ruwan nan, me ya sami gashina?"

"Ina gashin yake?"

Na gyara mayafina na ce ya zuba mini shayi.

Sai ga shi ya jajibo injin tausasa ruwa, wani dogon tulu mai lasar gishiri kamar akuya. Ya haɗa da ƙaramin inji mai zagayawa da ruwan zafi cikin bututu, daga tukunyar dumama ruwa zuwa sama a dawo, don da an murɗa famfo a ji zafi. Na ce masa tunda babu kowa a benen ya kashe mai zagayen, aljanu ba sa wanka da ruwan ɗumi. Ya ce Zalmai ba ya sanarwa in zai zo.

Kullum da hantsi sai ya ja gwiwoyinsa ya hau, ya buɗe famfo, ya kira ɗan a waya.

"Zalmai, ka ji ƙarar nan? Zafi nan take! Ka gaya wa 'yata Palwasha kumfa har gwiwar hannu."

"To Baba, in Allah ya yarda da Babbar Sallah."

Abin da bai taɓa ba shi ne tsofaffin bututun ƙarfe da ke binne a bango. Tsatsa ta daɗe da huda su, farin ɓawon nan da muke zagi shi ya toshe ramukan. Ruwa mai laushi, ga zafi, ga zagaye ba hutu, ya bi ɓawon yana wankewa a hankali. Mai gyaran famfo ne ya faɗa mana haka, bayan bango ya riga ya jiƙe, fenti ya kumbura, baƙin danshi ya mamaye ɗakin da aka shimfiɗa wa jikan katifa.

Da Sallah suka zo kuwa. Palwasha ta leƙa ɗakin, ta toshe wa yaron hanci da gefen mayafinta, suka sauka gidan kawunta. Naman layya ma can aka bi su da shi.

Daulat ya rufe shago ya ɗauki guduma. Ɗaki bayan ɗaki yana fasa bango yana zaro ruɓaɓɓen ƙarfe, ƙura ta mai da gemunsa kamar na mai niƙa.

"Kai tsoho, gidan za ka rushe ko kanka?" na tambaye shi.

"Kafin hunturu na gama, Yaya. Wannan karon ba za su sami abin faɗa ba."

Ina zaune a kan buhun gishirinsa ranar da Zalmai ya kira ya ce sun sayi gida a Karaci. Daulat ya yi masa barka, sannan ya ce, "Ruwan unguwar fa? Yana da kyau?"

Na ji dariyar yaron daga inda nake. "Ina fa, Baba! Tanka ke kawowa, ya fi na gida zartsi. Palwasha ko a jikinta."

Daulat ya ajiye wayar a kan tarin fasasshen bulo. Ya dubi ramin da ya buɗe a bango, sabon bututu na ƙyalli a ciki. Na miƙe daga kan buhun. Ya ce in riƙe masa hannu mu sauka, gwiwarsa ba za ta iya matakalar ba.