Hannayen Yaya Hansai

Bana shekara arba'in da takwas ke nan da rasuwar yayata Hansai a Gwiwa, kuma har yau raina yakan sosu in na tuna sunan da aka laƙaba mata.

An kai ta gidan miji lokacin da kuɗin fetur suka fara shigowa, ana ta sauya rufin soro da kwano. Bayan haihuwar fari sai yatsunta suka soma kumbura, hagu da dama. Da asuba ba ta iya riƙe taɓarya, sai hantsi ya dubi ludayi hannun yake saki.

Surukarta, Inna Ladi, ba muguwa ba ce. Ita ma tana fama da ciwon gwiwa, sakamakon hawan duwatsun Roni da tulu a ka tun ƙuruciya. Sai dai nata ciwon da yamma yake tashi, bayan wahalar yini, in ta huta ya lafa. Tunda duka sanyi muke kiran su, ta auna na Hansai da nata. Ta ce sanyi na tsofaffi ne, wanda kuwa yake zuwa lokacin surfe ya tafi bayan an gama, sunansa son jiki. Gari ya ɗauka, Hansai ta zama raguwar gidan Ladi.

Alhali kama da wane ba ta wane. Sai da na yi furfura wani likita a Kazaure ya bambance min su. Na Inna zaizayewar guringuntsi ne saboda aiki da shekaru. Na Hansai garkuwar jikinta ce take yaƙar gaɓɓanta, bai kuma san yaro ko babba ba. Da yau ne, da an gwada jininta an ba ta maganin da zai taka masa birki. Na san ta, da ba maganin za ta fara yi wa murna ba. Ta taɓa ce min, "Ƙanena, ciwon zan iya da shi. A yarda da ni kawai."

Ba ta bar dukiya ba. Ta bar 'ya ɗaya, da wata ɗabi'a a zuriyarmu: in mutum ya ce jikinsa na ciwo, ba a musa masa. Da tsada muka saye ta. Inna Ladi ce ta yi mata wankan gawa. Ta daɗe riƙe da karkatattun yatsun nan, sannan ta ce, "Ashe da gaske yarinyar nan take."