Mai Lema da Wasiƙar da Ba a Rubuta Ba

Shekaru talatin da biyu na yi a bayan tebur, fuskoki da yawa sun ɓace mini, amma ban taɓa mantawa da safiyar da na fara ganin lemar nan ba. Farkon damina ne, irin ruwan Jos mai haɗe da sanyin da ke shiga ƙashi. Ina goge tagar ofis sai na hango wani saurayi dogo, baƙi, ya riƙe wata koriyar lema mai karyayyen ƙarfe ɗaya. Gaba ɗaya ya karkatar da ita kan wata yarinya mai farin hijabi, shi kuwa kafaɗarsa ta jiƙe sharkaf. Ya raka ta har bakin hanyar da ke zuwa sashen haɗa magunguna, ya miƙa mata lemar, sannan ya sheƙo da gudu cikin ruwa zuwa azuzuwan sashenmu.

Ku 'yan baya a wannan aiki da kuka same ni da furfura ba ku san ni ba a lokacin. Ni ce wadda ba a raba jakarta da littafin soyayya, ina karantawa a cikin keke napep, ina karantawa lokacin hutun azahar. Don haka da na ga wannan, sai zuciyata ta ce, Binta, ga littafi yana tafiya da ƙafarsa. Na raɗa masa suna Mai Lema. Na yanke cewa ɗan talakawa ne, ita kuwa 'yar wani attajiri ce da zai ƙi yarda da farko, daga baya ya sauko. Har kalar kayan da za ta sa ranar kamu na zaɓa mata.

A lokacin ina sakatariyar sashen lissafi a jami'ar da na yi ritaya. Ga waɗanda ba su san aikin ba, haka yake tafiya. Ɗalibi ya biya kuɗin makaranta, ya cike fom a kwamfuta, sai sunansa ya fito a jerin masu rajista. Malamai kuwa ba sa duba wannan jerin idan za su yi gwajin tsakiyar zango. Duk wanda ke aji a ba shi takarda. Su kawo mini maki, ni in shigar gaban kowane suna. Idan na ga maki ba suna a jeri, al'adarmu ita ce a rubuta "babu a rajista" da jan biro, a jefa a wani fayil mai ruwan ƙasa, a jira mai shi ya zo. Yawanci masu jinkirin biya ne, kuma suna zuwa.

A shekarar ce aka yi ƙarin kuɗin makarantar da ya tayar da ƙura. Ɗalibai suka fito da kwalaye, suka tare ƙofa, har motocin tumatir masu zuwa kasuwar Farin Gada suka yi cirko-cirko. Ni dai ban tausaya musu ba, kuma ba zan yi muku ƙarya ba. Na ce wa abokiyar aikina Madam Ngozi, mai kula da takardun jarrabawa, "Dubi wayoyin da ke hannunsu. Wanda ke da kuɗin wannan waya shi ne zai ce ba shi da kuɗin karatu?"

Ta ce da Hausarta ta 'yan koyo, "Binta, kai ba ka da yaro a nan shi ya sa. Ni nawa biyu ne, kaina yana zafi."

Oga, wato shugaban sashenmu, farfesa ne mai sanyin hali. Shi cewa ya yi jami'a ma ba ta da zaɓi: man janareta ya yi tsada, kayan ɗakin gwaji sun ƙare, rufin ɗakin karatu yana yoyo. Gaskiya ya faɗa, ni ma bokiti nake tarawa a bayan kujerata. Na ɗauki maganarsa na rufe babin.

A ƙarshen zangon farko na ga wani suna, Nasiru Garba, ɗan aji uku. Makinsa ya fi na kowa a darussa huɗu, amma babu shi a rajista. Na ja jan biro, na jefa a fayil. Zango na biyu ma haka. Shekara ta juyo, sunan ya sake dawowa, wannan karon a takardun 'yan aji huɗu. Na ce a raina, wannan wane irin shashasha ne mai ƙwaƙwalwa? Na sake jefawa. Duk wannan lokacin, kowace safiya ina leƙen Mai Lema ta taga. Na lura ya rame, na ce so ne. Na lura tafin hannunsa ya yi kanta, rigarsa wani lokaci da ɗigon ruwan tumatir, na ce yana tara sadaki. Lokacin jarrabawa ba na ganinsa a layin shiga, na ce wataƙila a wani zauren aka sa shi. Ban taɓa tambayar sunansa ba. A littafi ba a tsayar da jarumi a tambaye shi rasit.

Akwai wata doka da ya kamata ku riƙe. Ɗalibin da ya yi shekara biyu a jere bai yi rajista ba, ana ɗauka ya bar karatu da kansa, a soke sunansa. Amma idan ya rubuta wasiƙar neman jingine karatu kafin a rufe rajista, shugaban sashe ya sa hannu, gurbinsa yana nan yana jiransa. Wasiƙar nan ba a biyan ko kwabo. Layi biyar ce. Tana cikin littafin dokokin ɗalibai, a shafin da ba wanda ke kaiwa.

Wata Litinin da hantsi takardar korarru ta zo daga ofishin magatakarda. Ni na buga kwafinta, ni na manna ta a allon sanarwa da hannuna. Ba a yi awa ɗaya ba na ji ana jan wani zuwa ƙofata. Na ɗaga kai, sai ga yarinyar nan mai farin hijabi, ta riƙe hannun rigar Mai Lema tamau.

Ta ce, "Anti, don Allah ku duba, kun yi kuskure. Kun sa sunan yayana a cikin waɗanda aka kora. Nasiru Garba. Kullum tare muke zuwa."

Biron da ke hannuna ya faɗi. Na ce, "Wane ne yayanki?"

"Ga shi. Uwa ɗaya uba ɗaya. Yaya, gaya mata ka biya."

Ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Rukayya, mu je gida in yi miki bayani."

"A nan za ka yi! Ka ce wa Baba kuɗin lodin da kake yi ya ishe ka naka. Ka ce ko ba ka ce ba?"

Madam Ngozi ta taso ta rufe ƙofa, ta jawo masa kujera. A nan muka ji komai. Mahaifinsu yana sayar da guntayen katako a kasuwar Katako. Kafin ƙarin, yana iya biya musu su biyun da ƙyar. Da aka ƙara, abin da ya tara bai kai na mutum ɗaya ba, ga karatun Rukayya ya fi tsada. Sai Nasiru ya ce wa tsohon ya bar nasa, shi zai ji da kansa. Yana lodin kwandunan tumatir da kabeji a Farin Gada bayan asuba, ya wanke jiki a famfon masallaci, ya koma gida unguwar Laranto ya ɗauko ƙanwarsa. Abin da ya samu, nata yake cikawa. Shirinsa shi ne bana ita, baɗi shi. Da baɗin ta zo, kaya suka ƙara tsada, ita kuma ta shiga shekarar da ba a tsayawa, sai ya sake cewa baɗi.

Na ce, "To me kake yi a aji, alhali ba ka da rajista?"

Ya ce, "Anti, don kada kaina ya yi sanyi. Na ga idan na samu kuɗin, sai in zauna jarrabawa kawai. Kuma in na zauna a gida za ta gane."

Rukayya ta zame ƙasa ta zauna a kan siminti. Ba ta yi ihu ba. Cewa kawai take, "Ni na cinye maka karatu. Ni na cinye." Madam Ngozi ta dafa kanta da hannu biyu tana cewa, "Chineke! Wannan yaro, me ya sa ba ka rubuta leta?"

Ya ce, "Wace leta, Madam?"

Da na ji wannan tambayar, sai na jawo aljihun teburina. Na buɗe fayil mai ruwan ƙasa. Takardunsa na nan, kowacce da rubutuna da jan biro. Shekara biyu sunansa yana cikin aljihun teburina, fuskarsa tana bakin tagata, ni kuwa ina can ina shirya musu biki.

Na kwashi takardun na shiga wurin Oga ba tare da ƙwanƙwasawa ba, abin da ban taɓa yi ba. Ya duba makin ɗaya bayan ɗaya, ya cire tabarau. Ya ce, "Binta, tun yaushe waɗannan suke wurinki?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, tun bara."

Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce, "Ni ma na koyar da shi, na sha kiransa gaban allo. Ban tambaya ba."

Oga ya rubuta roƙo da hannunsa, ya bi shi har gaban majalisar jami'a. Bayan wata biyu amsa ta zo: za a mayar da Nasiru idan ya biya na shekara biyun da suka wuce da na sabuwa, cikin ɗan wa'adi. Muka yi karo-karo a sashe, har masu shara suka sa hannu. Bai kai ba. Wa'adin ya cika, fayil ɗinsa ya koma rumbu.

Har yau idan aka tambaye ni ko ɗalibai suna da gaskiya da suke kuka, ba na saurin amsawa. Na san janareta ba ya shan ruwa. Amma na daina auna aljihun yaro da wayar hannunsa, kuma na gane waɗanda abin ya fi ci ba su ne masu ɗaga kwali ba, domin a lokacin suna can suna ɗaga kwando. Daga ranar na soke al'adar jira. Duk sunan da ya faɗo babu rajista, sai na aika ajinsu an kira mini shi, na zaunar da shi, na ciro samfurin wasiƙar nan daga teburina. Ku ma ku yi haka. Jan biro ba ya tambaya, ku ne za ku tambaya.

Bara, da na karɓi kuɗin sallama, na je Katako sayen katakon rufi. Ina cikin ciniki sai na ji an ce, "Anti ta taga!" Nasiru ne, ya yi ƙiba, da fensir a bayan kunne, rumfar mahaifinsa ta zama uku. Na gaya masa tsawon ɗakunana da faɗinsu, kafin in rufe baki ya faɗi yawan katakon da zai ishe ni, kuma ko ɗaya bai yi saura ba. Ya ce Rukayya tana ba da magani a wani asibiti, ita ke biya wa 'ya'yansa makaranta, kowane zango sai sun yi faɗa a kan haka. Na tambaye shi lemar, ya yi dariya ya ce iska ta tafi da ita tuni.

Da aka gama lodi ya rako ni bakin titi. Ya tsayar mini da keke, ya riƙe ƙarfen bai sake ba. Ya ce, "Anti, akwai abin da nake so in tambaye ki tun tuni. Wasiƙar nan, da gaske kyauta ce?"

Na ce, "Kyauta ce, Nasiru."

Ya gyaɗa kai a hankali, ya ce, "Layi biyar." Sannan ya biya mai keke, ya juya cikin ƙarar injin yankan katako.