Baƙin da ke Gefen Idon Goggo

Ranar Asabar, da idar da sallar asuba, muka tashi daga Kankia, ni da ƙanena mai tuƙi, za mu Kaikai ɗauko Goggo, ƙanwar mahaifinmu. An aiko mana cewa idonta na hagu ya kumbura. Ta daɗe da ciwon sukari, maganinta kuma ya ƙare tun farkon damina.

An kwana ana ruwa. Tururi na tashi daga gonakin gero, shanu na fitowa daga cikinsa ɗaya bayan ɗaya kamar masu tafiya cikin barci. Bayan Kusada hanya ta zama laka, mota na ta lilo da mu, har gyangyaɗi ya ɗauke ni.

Mun iske Goggo ta ci ado, ta rangaɗa kwalli har a idon da ya kusa rufewa. Ta ce ba za ta shiga gari kamar wadda aka koro ba. Aka dama mana fura da nono. Da ta miƙo hannu, ƙanena ya janye ƙwaryar saboda sukarin da aka zuba.

"Ɗan nema," in ji ta, "ni da nonon shanuna?"

Ta ce zafin ma ya sauka, kuncin ne dai ya zama kamar na wata. Mutanen gida na ta hamdala, sun ɗauka sauƙi ne.

A hanyar dawowa ta jingina da kafaɗata, tana ambaton inda ta kai tallan nono da ƙuruciya, Mawashi, Rimaye, muryarta na nisa tana dawowa. Nan na lura da wani baƙi tsakanin idon da karan hanci. Na jiƙa bakin mayafina na goge. Kwallin ya fita, baƙin bai fita ba. Na danna wurin, ko motsi ba ta yi ba.

"Ke kuma mi kike nema a fuskata?"

Na ce wa ƙanena kada ya tsaya gida, ya miƙe Katsina.

A asibiti likita ya leƙa hancinta da ganɗarta, ya ce fumfuna ce mai kama wanda sukarinsa ya hau sosai. Ta hanci take shiga, ta ci nama har gurbin ido, daga nan sai ƙwaƙwalwa. Zafin da ya sauka, naman wurin ne ya mutu. Ya ce sai an cire idon in ana son a ceci ranta.

Goggo ta ce, "Ɗayan zai gane hanyar gida?"

Ya ce zai gane.

"To, ku ɗauka."

Da la'asar na koma Kankia haɗo kayan jinya. Abin da na koyo: mai ciwon sukari, in ido ya kumbura kuma kunci ya daina jin taɓi, ba a kwana da shi a gida.

Washegari aka yi aikin. Ta daɗe a kwance ana ba ta magani ta jijiya. Da kaka aka sallame ta, ta koma Kaikai da ƙafarta.